Ranar da Kakata Ta Hana Iri

Kalma ɗaya na ji a cikin adaidaita sahu, a hanyata daga unguwar Takur zuwa awon hawan jini, sai gabana ya faɗi kamar ina yarinya. Samari biyu ne ke musu. Na gefen direba ya juyo ya ce wa na kusa da ni, "Kai ai kwaminis ne." Wannan ya ce shi soshalis ne, mai faɗar kuma dikteta. Kafin mu kai shataletale sun yi musayar sunayen, wanda yake dikteta ɗazu ya koma kwaminis. Na ce, "'Ya'yan nan, cikinku wa zai faɗa mini da Hausa abin da ɗan'uwansa ya yi?" Suka yi dariya, suka ce, "Hajiya, ai Turanci ne." Na san Turanci ne. Ban yi boko ba, ko wannan da kake karantawa jikata ce ke riƙe da alƙalami. Amma kalmar nan na riga iyayensu jin ta, kuma na ga abin da ta kusa yi wa gidanmu.

Ƙauyenmu yana can wajen Ringim, inda tudu ke gangarawa fadama. Ban yi wayo sosai ba kakanmu ya rasu, ya bar maza biyu a gandu ɗaya: mahaifina, shi ne babba, da baffana, autan gidan. Tare suke noma, rumbu ɗaya ake ɗiba, tukunya ɗaya ake ɗorawa, su biyun kuma akushi ɗaya suke ci a zaure. Iri kuwa a hannun kakata yake. Lokacin girbi, kafin a ɗaure dammuna, takan bi gona tana zaɓar zangarniyoyi masu cikar ido, ta sussuke su da kanta, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta zuba a wani tsohon tulu, ta liƙe bakinsa da laka. Tulun yana ƙarƙashin gadonta. Ni da 'yar baffa a ɗakinta muke kwana, ɗakin da ke warin toka da daddawa, kuma ko da wasa ba mu taɓa kai hannu wajen tulun nan ba.

Ina da kamar shekara goma siyasa ta dawo bayan mulkin soja. Mahaifina ya bi ɓangaren da dagaci yake, don abin da ya tarar kakanmu yana yi ke nan. Baffa ya bi masu cewa lokacin talaka ya yi. Wannan ba komai ba ne, gidaje da yawa haka suka rabu kuma suna cin tuwonsu. Abin da ya shigo mana da ciwo shi ne kalmomi. Akwai wani malamin firamare mai karanta jarida, a wajensa baffa ya ɗauko fiyudal. Akwai magatakardan dagaci, a wajensa mahaifina ya ɗauko kwaminis. Kowa ya zo gida da tasa a aljihu kamar wuƙar aro.

Ka lura da wani abu, kai mai karatu. Zagin Hausa yana da mariƙi. In ka ce wa mutum ɓarawo, za a ce me ya sata, a gidan wa, wa ya gani. In ka ce masa maƙaryaci, za a ce kawo ƙaryar. Ko ka kawo, ko ka ji kunya ka ba da haƙuri. Amma waɗannan kalmomi ba su da wajen kamawa. Mai jifa bai san nauyin abin da ya jefa ba, wanda aka jefa bai san inda ya same shi ba, 'yan kallo kuma kowa ya cika ta da abin da ya fi tsoro. A ƙauyenmu aka ce kwaminis shi ne wanda ba ruwansa da Allah. Ba a daɗe ba, in baffa ya shiga sahu a masallaci, sai na kusa da shi ya ɗan ja jiki, a bar tazarar da akuya za ta iya wucewa.

Da bazara ta yi, zafi ya tsananta, kanya da ɗinya suka ƙare, gidanmu ya koma kamar gidan makoki. Aka fara raba tuwon zaure kwano biyu. Gaisuwar safe ta rage daga doguwa zuwa "an tashi lafiya" a tsaye. Mahaifiyata da matar baffa suna daka a turmi ɗaya ba mai waƙa. Wata rana baffa ya shigo da zana shida a kan jaki, ya jingine su a jikin katanga. Ba wanda ya tambaya, kowa ya san na raba tsakar gida ne. Ni da 'yar baffa muka auna da ido, muka ga shingen zai bar ɗakin kakata a ɓangarenmu, 'yar baffa kuma ta koma can. Da yamma muka ji baffa ya ce, "Yaya, in ruwa ya sauka a raba iri, kowa ya shuka nasa." Mahaifina ya ce, "To." Kakata tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Mazarinta bai tsaya ba.

Ruwan ya sauka da asubar wata Talata, mai yawa, har ya cika kwatami. Gari ya waye da ƙamshin ƙasa, shaho na shawagi, duk ƙauye ya fita. Kana jin ƙarar sungumi a kafaɗa, yara na gudu da ƙoƙuna, domin tudunmu yashi ne, in ka ba shi kwana biyu ya shanye ruwansa ya manta. Mahaifina da baffa suka zo ƙofar kakata, kowa da ƙwaryarsa, suka durƙusa nesa da juna. Ta jawo tulun zuwa bakin ƙofa, ta zauna a gefensa, ta miƙe ƙafa ta tare hanya.

Ta ce, "Irin nan na gida ɗaya ne. Mai son a raba shi, ya faɗa mini da Hausa abin da ɗan'uwansa ya yi masa. In na ji, ni da hannuna zan raba."

Suka yi ta durƙuso, kowa da ƙwaryarsa wayam. Rana ta ɗaga, suka tashi. Mahaifiyata ta yi wa mahaifina raɗa cewa ai akwai gero a rumbu, a ɗiba a shuka mana. Tsohuwar nan kunnenta kamar na zomo. Daga inda take ta ce, "Rumbu a buɗe yake. Wanda ya shuka, ya shuka ba da bakina ba." Shi ke nan maganar rumbu ta mutu. A wancan zamanin ba namijin da zai zuba ƙwaya a rami uwarsa ba ta sa albarka ba.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ni da 'yar baffa muna zaune da ƙoƙunanmu wayam, muna jin hayaniyar masu shuka daga nesa. Maƙwabta masu dawowa shan ruwa suna leƙo zaure, suna cewa, "Lafiya dai? Ko bana Turanci za ku shuka?" Mahaifina ya je gona sau uku. Kowane zuwa sai ya dawo da ƙasa a tafin hannu, ya dunƙule ta, ya buɗe. Da safe ta dunƙulu. Da la'asar ta fara tsagewa. Ya nuna wa kakata, ta duba, ta ce, "Na gani." Ko salla za ta yi, a nan gefen tulun take shimfiɗa buzunta.

Laraba da hantsi, iska mai zafi ta taso, saman ƙasa ya yi fari. Kakata ce ta aika aka kira su. Ta dubi mahaifina, ba ta ambaci sunansa ba, don ba a kiran ɗan fari.

"Kai, abin nan da kake kiran ƙaninka, mene ne?"

"Inna, kalmar 'yan boko ce."

"Ni 'yar boko ce? Ya daina salla?"

"Bai daina ba."

"Ya sha azumi da gangan?"

"A'a."

"To me ya sa sahu ke buɗewa a gefensa?"

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Ta juya wajen baffa. "Auta, kai kuma naka fa?"

"Inna, fiyudal su ne masu danne talaka."

"Wane talaka yayanka ya danne? Ɗan gidan wa?"

"Ba mutum ɗaya ake nufi ba, Inna, tsari ne..."

"Ni ban haifi tsari ba. Mutum biyu na haifa."

Na ga jijiyar wuyan baffa ta tashi, na ɗauka zai miƙe ya fita, kuma da ya fita da shi ke nan. Sai ya fara magana. Ya ce rijiyar fadama shi ya haƙa ta da hannunsa, gaba uku, don ya yi tumatir da rani. Ya je ya tarar da albasar surukin dagaci a wurin. Yaya ya ba da aron fadamar, ko a bakin akushi bai faɗa masa ba. Ya ce, "Da 'ya'yana huɗu, Yaya, har yau aikena kake yi, ba ka taɓa cewa me ka gani ba."

Mahaifina ya ɗago. Ya ce, "Ranar kasuwa ka hau benci a gindin durumi, ka ce har a gidanku akwai fiyudal ɗin nan. Aka juyo ana kallona ana dariya. Ban san abin da ka kira ni ba, amma na san dariya. Ni na riƙe ka ranar kaciyarka."

Kakata ta ce, "Yanzu na ji Hausa." Mun zaci za ta fasa lakar a take, har 'yar baffa ta ɗauki ƙoƙonta. Sai kakata ta ce maganar fadama ta gida ce, su gyara ta a zaure. Amma sunayen nan a waje aka zubar da su, kuma inda aka zubar nan ake kwashewa. Mahaifina ya ce, "Inna, ƙasa na bushewa." Ta ce, "Sai ka yi sauri."

Masallacinmu katangar laka ce guntuwa, mu yara muna jin komai daga waje. Da aka sallame azahar mahaifina ya miƙe, mutumin da bai taɓa ɗaga murya a taro ba. Ya ce, "Jama'a, na yi wa ɗan'uwana ƙazafi. Na kira shi da sunan da ban san ma'anarsa ba. Musulmi ne ɗan Musulmi, wanda ya guje shi a sahu, alhakin a wuyana yake." Daga nan baffa ya wuce gindin durumi, inda maza ke hutun rana, ya hau bencin nan, ya ce yayansa bai danne kowa ba, a kan rijiya suka saɓa. Abokan siyasarsa suka yi masa ihu, suka ce dagaci ya saye shi. Ya sauko ya kama hanyar gida. Magatakardan dagaci ma ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwar mahaifina.

Da la'asar kakata ta sa dutse ta fasa lakar. Ta juye irin a ƙwarya ɗaya, ta tofa addu'a, ta miƙa. Su biyun suna gaba da sungumi, mu muna baya muna zubawa muna rufewa da diddige, har duhun magariba, washegari muka ƙarasa. Amma kada ka ɗauka an tsira kyauta. Tudu ya riga ya bushe. Rabin gonar bai tsiro ba, sai da aka sake shuka a ruwa na biyu, geron kuma ya yi baya, tsuntsu ya ci rabonsa. Kafin wata damina rumbu ya nuna gindinsa, muka sha kwaɗon tafasa da rama har bakinmu ya yi kore. Mahaifiyata takan yi gunaguni a madafa cewa taurin kan tsohuwa ne ya jawo mana. In kakata ta ji sai ta ce, "Yunwar shekara ɗaya ce." Ba a raba gidan ba. Fadamar ta dawo hannun baffa da aka cire albasa. Su biyun har suka mutu kowa da jam'iyyarsa, suna musu a bakin akushi ɗaya, amma da harshen da uwarsu ke ji.

Jikata mai karatu a jami'a ta zaunar da ni ta bayyana mini cewa kalmomin nan kowace da ma'anarta daban, wata ba ta shiga gonar wata, a wasu ƙasashe ma an zubar da jini a kan bambancinsu. Wannan ya ƙara mini haushi. Ashe kayan mutane ne masu nauyi aka aro ana jifan juna da su a makance.

Yau ni ke zaune a inda kakata ta zauna. 'Ya'ya maza biyu gare ni, ɗaya ma'aikaci ne a sakatariya, ɗaya yana da shago a kasuwa. Tun zaɓen da ya wuce ba sa shiga inuwa ɗaya, a waya suke aika wa juna sunaye, matansu na karantawa. Na kira su na ce a faɗa mini da Hausa, kowanne ya ce, "Hajiya, ba za ki gane ba." Ba ni da tulu. Ba sa noma, mai noma ma yanzu a leda yake sayo irinsa, kuma su ke ciyar da ni. Abu ɗaya ya rage a hannuna, na kuwa riƙe shi. Kowanne yana zuwa gaishe ni ranarsa daban, ya durƙusa, ya ajiye ledarsa, ya tashi yana duba waya. Sati uku ke nan ban ce wa ko ɗayansu Allah ya yi maka albarka ba. Har yau ba wanda ya lura.