Gishirin da Ba Shi da Gyara

Wautar da na tafka ba ta fi cikin tafin hannu ba. Ranar da Kawu ya damƙa mini rumfarsa ta Safana, wata mai tallan nono ta yi mini murmushi, ni kuwa na damƙo gishiri na zuba mata gyara.

A rumfar Kawu wannan babban laifi ne. Da jaki ɗaya ya fara a kasuwar Batsari. Yakan sayo kaya buhu-buhu daga kantin Turawa na Katsina, kuma abu huɗu kaɗai yake kasawa: gishiri, sabulu, ashana da kananzir. Ba ciniki, ba ƙunshi, ba gyara. Kowa ya zo da ƙwaryarsa ko kwalbarsa. Gwangwanin gishirin da wasu ke ba da shi kwabo biyu, shi kwabo da ɗari, wato kwabo ɗaya da rabi. Ribar kamar ƙwayar gero take, amma ya ce da yayyafi kogi kan cika. Da haka ya buɗe rumfa ta biyu a Tsaskiya, ta uku a Safana. Da zai tafi ya bar ni a rumfar ya ce, "Na san abin da buhun nan ke aunawa. In ya gaza, ka koma gona korar birai."

Kafin mai nonon ta kai bakin kasuwa, na rantse har awakin ƙauyen Babban Duhu sun ji cewa yau ana gyara. Mata suka yi mini caa. Na hau kan buhu na ce wancan kuskure ne, an rufe ƙofa. Wani mahauci ya ce ko Bature yana gyara. Na ce, "To Katsina ba ta tashi ba, ga hanya nan."

Sai ga Kaka, wadda ta haifi Kawu, da ƙwaryarta mai kama da masaki. Na auna mata gwangwani ɗaya, na shafe bakinsa da yatsa.

"Maigida, ina gyarana?"

"Uwargida, ai sauƙin kuɗin shi ne gyaran."

"Ja'iri! Mai tallan nono ka ba, ni da na goya uwarka ka hana?"

"Ita ma mai nonon da za ta dawo, sai na tsince abina ƙwaya-ƙwaya."

"To na fasa auren. Miji marowaci, ko kara ba ya ba akuya!"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Hannuna har ya soma sauka cikin buhu da kansa, na tuna birai, na danne shi da gwiwa. Na san in na ba Kaka, duk tsohuwar da ke ƙasar Safana za ta zama kakata kafin azahar. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi tana faɗa wa kowa irin jikan da Allah ya jarrabe ta da shi. Ashe talla take yi mini, don duk wanda ya zo kallon marowacin sai ya tambayi kuɗin gwangwani, ya saya.

Da la'asar Kawu ya iso, ya tarar da buhu ya ƙare, abin da ya gaza kuwa damƙar nan ce guda ɗaya. Ya ja mini kunne har na ji ƙarar jirgin Kano, amma ya bar mini rumfar. Washegari shi da kansa ya kai wa Kaka rabin buhu ban haƙuri. Ni kuwa ba ta amsa gaisuwata ba sai bayan an yanke gero.