Ranar da Ɗanasabe Ya Roƙi Unguwa Ta Kashe Wuta

A Tiga, in ka tambayi gidan Ɗanasabe mai oba-oba, za a nuna maka wata doguwar waya da ta tashi daga kan bishiyar darbejiya ta tsallaka gida biyu ta sauka a kan wani falwaya na gora. Shekara ashirin da takwas ya yi yana aikin lantarki a ma'aikatar ruwa, a nan ya koyi oba-oba, wato rediyon da ake magana da shi. Da ya ajiye aiki sai ya nemi lasisi, ya haɗa nasa a zaure. Ya fi son yin magana a kan mita tamanin ta gajeren zango, wadda ba ta aiki sai da eriya mai tsawo da kunne mai haƙuri.

Abokan maganarsa sun taɓa kai bakwai. Wasu suka rasu, wasu suka koma wayar salula, har ya rage saura Malam Uba na Riruwai, tsohon makanike a wurin haƙar kuza. Sau biyu kacal suka taɓa ganin juna, amma kullum da hantsi sai sun gaisa, su yi zancen damina da ciwon gwiwa. Uba yana da ƙaramin rediyo da yake ɗaurawa a bayan babur ya tafi da shi gona, don a can bayan duwatsu salula ba ta kamawa.

Abin da ya addabi Ɗanasabe shi ne ƙara. Tun da sola ta shigo unguwa, kowane gida da inbata, ga shagon cajin Fahad a kusurwa, rediyonsa ya cika da shuuu kamar ana suya. Kunnensa na hagu kuma ya fara mutuwa. Matarsa Balaraba takan ce ya haƙura haka, shi kuwa sai ya ƙara manna kunnen dama a jikin lasifika.

Wata Laraba cikin Agusta ya kira kamar yadda ya saba. Uba bai amsa da sallama ba. Can ƙarƙashin ƙarar, wata murya mai nauyi kamar ta mai cin tuwo ta fito, Ɗanasabe ya tsinci kalma biyu: "na faɗi", sai "hannuna". Sauran duk ƙara ta cinye.

Ya buga wa Khairiyya, 'yar Uba da ta zo ganin gida, waya. Ta ce Baba ya fita tun sassafe bai faɗi inda za shi ba, gonakinsa kuma uku ne, tsakanin wata da wata tafiyar kusan awa ce a wannan laka. Ta fara kuka. Ya ce ta nemo masu babur su tsaya a shirye, zai gano wurin.

Ya koma ya murɗa wannan, ya murɗa wancan, yana ta kiran sunan Uba. Yana jin alamar mutum na magana, amma ko harafi ɗaya ba ya fita. Sai ya miƙe ba takalmi ya fita. Gida-gida ya bi yana sallama, yana roƙon a kashe inbata. Wasu matan suka kashe ba su tambaya ba, wasu suka tsaya sai an yi musu bayani, shi kuwa bayanin ya ƙi haɗuwa a bakinsa. A shagon caji Fahad ya ce wayoyin mutane sun fi hamsin a jone, masu su na jira. Ɗanasabe, dattijon da ya haifi kamarsa, ya durƙusa a gaban teburin.

"Mutum ne yake mutuwa a daji, Fahad. Minti goma kawai nake roƙo."

"Subhanallahi, Baba tashi," in ji Fahad, ya kai hannu ya zare komai.

Da ya dawo zaure, ƙarar ta faɗi kamar an ɗauke ruwan sama. Ya kira, shiru. Ya sake kira har muryarsa ta dushe, Balaraba na tsaye a bakin ƙofa tana salati. Sai ya ji numfashi, da wani gurnani da ba magana ba. Harshen Uba ya riga ya karye. Ɗanasabe ya ce masa kada ya wahalar da kansa, ya danna makunnin magana kawai: sau ɗaya gonar bakin rafi, sau biyu ta tsohon ramin kuza, sau uku ta kan tudu. Ya saki nasa makunnin ya jira. Aka yi ƙas. Ya ƙara kasa kunne. Can aka sake yin ƙas, daga nan ba a ƙara ba.

Bai san ko biyun ke nan ba, ko kuwa ƙarfin danna na uku ne ya ƙare. Haka ya gaya wa Khairiyya, ya ce su fara da ramin kuza. Awa ɗaya da rabi ya yi a zaune yana yi wa rediyon magana, yana cewa ga su nan zuwa, bai san ko akwai mai ji ba.

A ramin kuzan suka same shi, kwance a gefen babur, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya rayu, amma magana ba ta dawo ba. Bayan wata biyu Khairiyya ta tafi da shi gidan mijinta a Kano, inda asibiti ya fi kusa.

Ɗanasabe ya je duba shi sau ɗaya. Uba ya riƙe hannunsa da na hagu, hawaye na bin gefen fuskarsa, suka zauna haka har la'asar. Da zai tafi Khairiyya ta miƙo masa ƙaramin rediyon a cikin buhu, lakar gonar ta bushe a jikinsa. Ya rungumo shi a mota har Tiga, Balaraba ta share masa wuri a kan kabad ya ajiye.