Sassaben Maman a Dutsen Ta'ifa

Shekara goma sha ɗaya Maman ya yi a Makka, kuma duk tsawon shekarun nan iƙamarsa, wato takardar zama, abu ɗaya take cewa: mai shara. Manomi ne mutumin Maradi, yana kwana a unguwar Jarwal, su biyar a ɗaki. Kullum bayan asuba motar kamfani ke hawa da shi duwatsun hanyar Ta'ifa, inda aka kafa sansanin yawon buɗe ido, wai na masu son daji.

Dajin dai kututturan zaitun daji ne da awaki da masu gawayi suka gama da su tun tuni. Baƙi sukan zo daga Jidda, su ɗauki hoto da birai, su ci shinkafa, su bar wa Maman robobi.

Mudirin wurin, wato manaja, Talal ne, jikan wani Bakano da ya zo aikin Hajji bai koma ba. Hausarsa ta gaisuwa ce da faɗa. Ammi yake ce wa Maman, wato baffa. Kalma guda yake ji da ita, istidama, wato ɗorewa. Tana jikin allo, tana jikin hula, har jikin kwandon shara. Bai taɓa riƙe adda ba.

Abin da ke damun Maman tohon kututturan ne. Kowanne ya fitar da rassa ashirin, suna ta cin juna, ba mai tashi. A gonakin Maradi ba a barin haka. Sassaben zamani ake yi: ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi har ya ari adda, ya gyara guda arba'in a bayan banɗakuna, lokacin hutun azahar.

Talal ya ga tarin rassa, ya dafe kai.

"Ya Ammi Maman! Ka kashe daji! Ba ka ga allo ba? Mamnu'! An hana taɓawa!"

"Na gani, Mudir. Akuya ce ba ta iya karatu ba."

"Wallahi iƙamarka saura wata goma. Ba zan sabunta ba. Ka tafi Nijar ka sare na can."

'Yar Maman, Sa'adiya, tana karatun ungozoma a Maradi, kuma da sharar nan take yinsa. Ya mayar da adda, ya ɗauki tsintsiya.

Ruwan hunturu ya sauka, hazo ya yi ta kwanciya a kan dutse. Kafin wata tara, na bayan banɗaki sun miƙe sambal har kafaɗarsa. Waɗanda allo ke gadi suna nan a durƙushe yadda aka san su.

Sai ga tawagar masana. Suka wuce allunan duka, suka je bayan banɗaki suka tsaya, suna toshe hanci suna aune-aune. Wata a cikinsu ta tambayi wanda ya yi aikin.

"Tsarinmu ne na istidama," in ji Talal. "Mun daɗe muna nazarinsa."

Maman yana gefe da buhun robobi.

Masanan suka ce a yi wa dutsen duka haka. Da yamma Talal ya same shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ammi, wane reshe ake barin?"

"Duba allo, Mudir."

A satin nan aka sabunta iƙama. Maman ya duba gurbin sana'a: mai shara. Yanzu da safe yana sassabe, da rana yana kwashe robobi, kuma sun ƙaru, don baƙi sun samu 'yar inuwar zama.