Labarin Tukuna, Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 7 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Abdulkahar a gidansa da ke Pantami, bayan gajeriyar jinya. Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki waya, in ajiye, in leƙa ƙofa, har uwar 'ya'yana ta tambaya ko kujerar ƙaya gare ta.

Abdulkahar, sanda ka same mu, jaridarmu ta ƙauyuka falle biyu ce. Direbobi ke kawo rahoto ranar kasuwa, wani rahoton ya iso jiƙe da manja. Labarin ambaliya kan fito bayan ruwa ya janye. Ni da na tsaya aji huɗu a firamare, wai ni ne edita, don na fi kowa murya.

Ka buɗe mana shafi a intanet. Ka bi wakilanmu tara a babur, kana koya musu aiko rahoto da murya ta waya. Ka ce ranar da kuka gudo daga Borno babu wanda ya ba da labarin garinku, ba ka so wani ƙauye ya ɓace haka.

Kowa ya iya, ban da ni. Da na danna wurin ɗaukar murya sai in fara: ina kwananku, ya iyali, ya damina, ya masu jiki.

Ka ce, “Baba Misbahu, labarin tukuna. Kafin ka gama gaisuwa jama'a sun wuce.”

Na ce, “Ni ɗan gidan wa, da zan faɗo wa mutane babu gaisuwa?”

Shekara biyu kana yanke gaisuwata kafin ka ɗora a shafin. Ba ka taɓa tona ni wurin 'ya'yana ba, har yau suna zaton ubansu ya waye.

Tun da ka kwanta shafin ya yi shiru. Titus, wakilinmu na kudu, ya kira yana tambaya ko shi ke nan an rufe. Jiya dai na danna wurin ɗaukar murya. Ban gaida kowa ba. Na ce, “Abdulkahar ya rasu.” Na ɗora da kaina, a makare kamar yadda na saba. Kafin la'asar wakilai shida sun aiko murya, duk kuka ya hana su gaisuwa.

Ba a rufe ba, Titus.

Allah Ya jiƙanka, Abdulkahar, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Uwargida Jumma da yara, da dangi na Gombe da Borno, Allah Ya ba ku haƙuri. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.