Faifan da Dogo Ya Bari a Mota

Wallahi wannan abin ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, wanda ya ga dama ya yarda. Shekarun baya ne a Dubai, ina tuƙa a-kori-kurar wani Alhaji ɗan Kano mai harkar kago, wato aika kaya gida, ina kwasar kwalaye daga Murshid Bazaar zuwa sitonsa a Ras Al Khor.

Mu biyu ne a kan motar, ni da rana, wani Bulus mutumin Kafanchan da dare, Dogo nake ce masa. Ba ma haɗuwa sosai, makulli wurin maigadin sito muke bari. Abin da ke nuna min ya zo aiki shi ne kujera, don kullum sai na tarar ya ja ta baya, sai kuma wani faifan CD da ya maƙala a motar.

Wata rana da muka haɗu na ce, "Dogo, wannan kiɗan zaman makoki fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya. Turawan nan masu ihu da jita ne, su ne wasunsu suka ware gefe suka yi wannan don su huta. Su ma sun gaji, kamar ni da kai. Ka bar shi inda ka tsaya, ni in ci gaba."

Ni ba mai jin kiɗa ba ne, Turancin ma ba ji nake ba. Amma abin nan ba ya hayaniya. Jita ce a hankali, fiyano yana ɗiga kamar famfon da bai rufu ba, muryar mutumin kuma daga nesa kamar yana magana a ɗakin maƙwabta. In ka shiga cunkoso da azahar, gilas a rufe, gari cike da mutane ba wanda ya san sunanka, sai ka ji kamar akwai wani zaune kusa da kai wanda bai dame ka da tambaya ba. Iyalina suna gida, 'yan ɗakinmu kowa da wayarsa. Hirata ke nan a garin: in tayar da mota da safe in ji inda Dogo ya kai faifan, in ce yau ya yi nisa, ko yau aiki bai yi yawa ba.

Haka muke har wata ranar da na ce wa Alhaji ya gaya wa Dogo ya riƙa duba ruwan lagireto. Alhaji ya ajiye waya ya dube ni.

"Wane Dogon? Bulus ai tun kafin azumi ya tafi gida jinya, Allah ya yi masa rasuwa. Ba a gaya maka ba? Aikin dare khalas, na soke shi."

Mun fa yi sallah ƙarama lokacin. Inna lillahi! Na je wurin maigadi, ya rantse makulli a aljihunsa yake kwana. Na duba lambar tafiyar mota da yamma, na sake dubawa da safe, ba ta motsa ba. Amma kujera tana baya, faifan kuma ya wuce inda na bar shi.

Da na gaya wa Alhaji, ya ce in cire faifan in yar. Na kasa. Tsoro ina ji, amma gaskiya na fi tsoron shirun da zai biyo baya. Sai wata la'asar na faka, na kashe mota, na ce da ƙarfi kamar mahaukaci, "Dogo, in kai ne, na gode. Ka sha aiki, je ka huta."

Washegari kujera tana yadda na bar ta. Na murɗa makulli, waƙar ta tashi daidai inda na tsaya. Ƙato da ni, a bakin ƙofar sito na kifa kai a sitiyari, sai da na bayana ya yi ta hon.

Ban san ko mene ne ba, malaman da na tambaya kowa da tasa. Abin da zan ce muku, in kuna ƙasar mutane ku riƙa neman juna ido da ido, kada ka ga alamar mutum ka ɗauka yana lafiya. Faifan yana wurina. Har yau in zan fita daga mota sai na ja wa Dogo kujera baya, kuma da safe ba na yarda in fara duba ta.