Sunaye Uku da Na Manta

Jiya 'yata ta tambaye ni sunayen kakanninmu, na kawo huɗu na tsaya cak. Sai na tuna kakana, manomi, mai gona a Tarauni tun gidaje ba su cinye wurin ba. Duk kunyar da ya tayar da garma, sai ya ambaci sunan wani magabacinmu.

Wata damina ya ɗora hannuna a ƙota, jiƙaƙƙiyar ƙasa na ƙamshi, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya ce, "Maimaita, jikana, guminsu kake ci." Bakwai ya lissafa, ni kuwa hankalina na kan furar da ke inuwa.

Yau gonar ta zama shaguna. Allah ya jiƙan kakana, da ukun da na manta. Allah ya san sunayensu.