Reshen Arjuwan Daga Ɗa'ifa

Har gobe ban manta da ranar da aka aike ni Ɗa'ifa in yanko reshen itace ba, a ƙarshen watan Zulƙida na shekarar 1385, ana gab da aikin Hajji. Ku da kuka shigo aikin gidajen muɗawwifai a bayanmu, bari in ba ku labarin a tsanake.

Muɗawwifi shi ne wanda alhazai ke sauka a hannunsa, ya ba su masauki, ya kai su ɗawafi, ya fitar da su Mina da Arfa. Wanda na yi wa aiki sunansa Sidi Abdulƙadir, alhazansa kuwa Turkawa ne da mutanen Kabul. A cikin gida mahaifiyarsa ce babba, muna ce mata Sitti. Ƙarƙashinta akwai masu girki, sannan mu masu wanki. Daga unguwar Mansur nake zuwa kullum, in bar yarana wurin maƙwabta. Ban da wanki, ban ruwan shuke-shuken tsakar gida ma a hannuna yake.

Sitti Baturkiya ce. Ta zo Hajji da mahaifinta, ta yi aure a Makka, ba ta sake komawa ba. Abu guda take kewa, itacen da ake kira arjuwan. Ta ce a garinsu idan sanyi ya wuce, fure mai ruwan hoda ke tsattsafowa a jikin kututture da rassa tun ganye bai fito ba. Ni dai na ce to, don ban taɓa ganin haka ba.

Da alhazai suka ji, sai wani Baturke ya kawo mata dashe a gwangwani. Shekarar da ta biyo wani tsoho ɗan Kabul ya kawo nasu irin. Suna ɗaya, amma ba iri ɗaya ba ne. Na Turkiyya miƙewa yake sama, ganyensa da faɗi. Na Kabul gajere ne, cunkus, rassansa sirara. Duk biyun suna tuna mini kalgo, sai dai ganyen kalgo tsage yake a tsakiya.

Na yi ta shayar da su, na ja tukwanensu inuwa, ko fure ɗaya babu. Wata rana Ammi Salim, mai lambu a Ɗa'ifa da ke kawo mana rumman, ya dube su ya yi dariya.

"Ya Hajja Rabi, ko da Zamzam kike shayar da su ba za su yi ba. Itacen nan sai ya sha sanyi ya yi barci. A ba ni su in hau da su dutse, can Ɗa'ifa akwai sanyi."

Sidi ya ce to mahaifiyarsa ma ta bi su ta huta. Ta ce, "Da wannan tsufan in bar Makka, mutuwa ta same ni a waje? A kai su. Ni a Mu'alla za a binne ni."

Shekara ta kewayo, saƙo ya zo cewa fure ya fito. A lokacin Sitti tana kwance, idanunta sun kusa daina gani, kowa ya san saura ƙiris. Sidi kuwa alhazai na ta sauka daga Jidda, ba shi da ta kansa. Ni aka sa a motar kaya.

Na shiga lambun na duba su. Na Turkiyya ya bushe ƙarau. Na Kabul ne ya rufe da fure daga ƙasa har sama, babu ganye ko ɗaya, kamar yadda Sitti ta faɗa. A Makka hannuna bai saba karya reshe ba, saboda alfarmar Harami. Ammi Salim ya ce, "Nan ba Harami ba ne, yanki abinki." Na yi bismilla na yanka, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu, na rungume har muka gangaro cikin zafi.

Sidi ya tare ni a bakin ƙofa, na gaya masa abin da na tarar.

"Kada ki faɗa mata, ya Hajja. Ki bar ta ta ɗauka nasu ne."

"Sidi, in ba ta tambaya ba, ba zan ce komai ba. In ta tambaya fa?"

Kafin ya amsa aka kira shi wurin alhazai.

Na ɗora mata reshen a ƙirji. Ta bi shi da yatsu a hankali, daga gindi har kai.

"Rabi, na wanne ne?"

Na gyara mata reshen. Sannan na ce, "Na Kabul ne, ya Sitti. Naku bai yi rai ba."

"Na ji tun da na taɓa. Namu ya fi kauri." Ta tsinki fure ɗaya ta sa a baki, ta tauna. "Amma tsamin ɗaya ne. Muna yara haka muke ci." Hawaye ya gangaro mata ta gefen kunne. Can ta ce, "Da kin ce namu ne, da na zauna da shi ni kaɗai ina yi muku kara. Ke fa, wane itace kika baro a garinku?"

Tun da na zauna a Makka ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce kalgo. Ta ce in ba ta labarinsa. Na zauna a bakin gadon ina gaya mata yadda muke sare ɓawonsa mu tuƙa igiya, har aka kira la'asar. Bayan an sauko daga Mina da 'yan kwanaki ta rasu, aka kai ta Mu'alla.

Aikinmu, ku 'ya'yana, hidimar mutanen da suka baro gida ne, ko alhajin wata guda, ko wanda ya yi zamansa har mutuwa. Ba za ku iya ɗauko musu garinsu ba. Abin da kuka samo ku miƙa shi da sunansa na gaskiya, sannan ku ɗan zauna. Wankin zai jira.